Rijiyar Da Ba A Shan Ruwanta

A al'ada, idan aka ce rijiya, abin da ke zuwa wa Bahaushe a zuciya shi ne guga da igiya da tulu. Amma akwai wata irin rijiya wadda ba a haƙa ta domin sha ko wanki. Siririya ce, bakinta bai wuce faɗin tafin hannu ba, kuma a kulle take zama. Masana suna kiranta rijiyar sa ido, domin ta cikinta ne suke gane halin da ruwan ƙarƙashin ƙasa yake ciki, musamman a wurin da man fetur ya malala.

Idan bututu ya fashe ko tankin gidan mai ya yi yoyo, man yakan nutse cikin ƙasa sannu a hankali har ya tarar da ruwa. Da yake mai bai kai ruwa nauyi ba, sai ya kwanta a samansa, kamar yadda man gyaɗa yake tasowa a kan miya. Sai dai ba dukansa ne yake tsayawa a sama ba. Wasu sinadarai da ke cikinsa sukan narke su bi ruwan duk inda ya nufa. Mafi haɗari a cikinsu shi ne benzin, wanda yake haddasa sankarar jini.

To, ina ruwan ya nufa? Wannan ita ce tambayar farko, kuma awon zurfi ne yake amsa ta. Ma'aikaci yakan zura igiyar awo mai na'ura a bakinta. Idan ta taɓa mai ta yi wata irin ƙara, idan ta isa ruwa ƙarar ta sauya. Tazarar da ke tsakani ita ce kaurin man. Idan aka auna rijiyoyi uku ko fiye, aka kwatanta tsayin ruwansu, sai a san inda yake gangarawa, domin a ƙarƙashin ƙasa ma ruwa daga tudu yake zuwa kwari. Daga nan za a iya cewa rijiyoyin unguwa kaza ne ke cikin haɗari, tun kafin masu su su ji warin mai a randa.

Awo ɗaya kuwa ba ya wadatarwa, kuma a ganina nan ne aka fi yin kuskure. Da damina ruwa yakan hau, ya tura man sama, ya maƙale a tsakanin yashi, har rijiya ta nuna kamar ya ragu. Da rani, in ruwa ya janye, sai man ya sake tsatsowa. Wanda ya auna sau ɗaya a tsakiyar damina zai iya rubuta cewa wuri ya gyaru, alhali kuwa gubar ɓuya kawai ta yi.

Misalin da ya fi shahara a Nijeriya shi ne na ƙasar Ogoni, a Jihar Ribas. Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi wata 14 tana bincike a can, ta haƙa rijiyoyin sa ido 142, ta kuma gwada samfuri fiye da 4,000 na ƙasa da ruwa da sauransu. A rahoton da ta fitar a watan Agusta na 2011, ta ce a Nisisioken Ogale, kusa da wani bututun mai, an sami tataccen mai mai kaurin santimita 8 yana kwance a kan ruwan ƙarƙashin ƙasa. An danganta shi da wata malala da ta faru fiye da shekara 6 kafin lokacin. Benzin ɗin da ke cikin rijiyoyin da iyalai suke sha ya ninka iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade fiye da sau 900.

Rahoton ya nemi a samar wa mutanen ruwan sha cikin gaggawa, ya kuma ƙiyasta cewa farfaɗo da muhallin Ogoni zai iya ɗaukar shekara 25 zuwa 30. Sai a 2016 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da aikin tsabtace yankin.