Hunturu da shofo: abin da ya kamata maigida ya sani kafin ya kira mai gyara

Daga ƙarshen watan Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da iskar hunturu ke kaɗowa daga hamada, ruwan randa da na pampo kan yi sanyin da yaro ba ya iya wanka da shi kafin ya tafi lakkol. A lokacin ne gidajen ma'aikata da na ƴan kasuwa a Yamai, Maraɗi, Tawa da Damagaram ke tunawa da farin tankin nan da ke rataye a ɗakin wanka, wato tukunyar ɗumama ruwa da aka fi sani da shofo. Wata takwas ko tara ba wanda ya dube shi. Ranar da aka kunna kuwa, ko dai ruwa ya ƙi zafi, ko wutar gida ta ɗauke gaba ɗaya, ko a ga ruwa yana ɗiga a ƙasa. Yawancin waɗannan matsaloli ƙanana ne, amma gyaran ganganci kan mayar da ƙaramar matsala ta zama ta rai.

Cikin shofo babu wani sihiri. Akwai tanki na ƙarfe, da rezistans, wato ƙarfen da kuran ke zafafawa, da tarmosta mai yanke wuta idan zafi ya kai inda aka tsayar. Akwai kuma sandar magneziyom wadda ke cinyewa a hankali domin tsatsa ta bar jikin tankin, sannan supap a bakin tiyon ruwan sanyi. Wanda ya san waɗannan biyar ya san inda ciwo ke fitowa.

Idan ruwa ya ƙi zafi

Da farko a duba dijontar da ke kai wa shofo wuta, a kuma ba shi lokacinsa. Shofo mai lita 100 da rezistans mai wat 2000 yana buƙatar fiye da awa 2 kafin ya kai ruwa daga digiri 20 zuwa 60, kuma aikin yana cin kilowat-awa 4 da rabi da ɗoriya. Idan ƙarfin kuran ya sauko daga bolt 220 zuwa 180, kamar yadda yake faruwa a unguwannin da ke ƙarshen layi, zafin da rezistans ke bayarwa yana raguwa da kusan kashi ɗaya cikin uku. A nan shofo ba shi da laifi.

Idan wuta tana zuwa amma ruwa na nan da sanyinsa, mai yiwuwa ne ƙaramin maɓallin tsaro da ke jikin tarmosta ya tashi saboda zafi ya taɓa wuce kima. Bayan an yanke kuran ana iya danna shi ya koma. In ya sake tashi, kada a nace; aiki ya zama na mai gyaran wuta, wanda zai auna rezistans ya ga ko ya ƙone.

Abin da ya fi ƙona rezistans a garuruwanmu shi ne yankewar ruwan pampo, kuma mutanen Damagaram, da suka daɗe suna fama da ƙarancin ruwa, sun fi kowa saninsa. Idan ruwa ya ɗauke, tankin na iya tsiyayewa, rezistans ya rage a fili yana zafi ba ruwa, cikin ɗan lokaci ya mutu. Ƙa'idar mai sauƙi ce: ruwa ya ɗauke, a kashe shofo, ruwa ya dawo, a buɗe pampon ruwan zafi har iska ta gama fita ruwa ya zubo sosai, sannan a kunna.

Ƙanzon da ke cin kuɗi

Duk mai dafa shayi ya san farin ƙanzon da ke kama gindin buta. Shi ne ke taruwa cikin shofo, musamman inda ruwan foraj yake da farar ƙasa da yawa. Yana rufe rezistans, zafi ya kasa fita, sai a riƙa jin ƙara kamar ana soya gyaɗa a cikin tanki, ruwa ya daɗe bai yi zafi ba, rezistans kuma ya mutu tun kwanansa bai ƙare ba. Ƙanzon yana ƙaruwa da sauri idan zafi ya wuce digiri 60. Ƙasa da digiri 50 kuwa, ƙwayar cutar lejiyonela, mai kama huhu, wadda aka gano bayan annobar birnin Filadelfiya ta Amurka a 1976, tana samun wurin hayayyafa. Saboda haka tsakanin 55 da 60 ne wurin tsayar da tarmosta. Duk shekara 2 ko 3 ya kamata a zubar da ruwan tanki, a kankare ƙanzo, a duba sandar magneziyom, a sake ta in ta cinye. Ruwan zafi mai warin ruɓaɓɓen ƙwai ma alama ce ta cewa wanki ya yi.

Ɗigon da ba a toshewa

Nan ne babban haɗari yake. Ruwa yana kumbura idan ya yi zafi, tanki kuwa a rufe yake. Aikin supap shi ne ya buɗe idan matsi ya kai bar 7, ya bar rarar ta fita. Don haka ɗigon da ake gani lokacin da shofo ke aiki, wanda kan kai lita 2 ko 3 a tanki mai lita 100, shaida ce ta lafiya. Sau da yawa uwargida kan yi ƙorafin jiƙewar ƙasa, a kira wani yaron mai gyaran pampo, shi kuma don ya faranta wa masu gida rai ya toshe bakin supap ko ya cire shi ɗungurungum. Daga ranar tanki ba shi da mafita. In tarmosta ya lalace ruwa ya tafasa, tankin na iya fashewa da ƙarfin da zai rushe bango. Maganin ɗigo shi ne a sa masa ɗan tiyo zuwa magudana. Idan supap yana zuba dare da rana ko shofo a kashe, to datti ya shige shi ko ƙarfin ruwan unguwa ya yi yawa. Sai a sake shi, ko a sa na'urar rage matsi. Sau ɗaya a wata a murɗa hannunsa ruwa ya ɗan fita don kada ya ƙage. Amma in jikin tankin ne da kansa ke yoyo, walda ba ta da amfani, sai sabo.

Wuta da ruwa

Wanda ya taɓa pampo ya ji kuran ya ɗan ja shi, ko ya ga dijontar na faɗuwa da zarar an kunna shofo, ya sani rezistans ya tsage, wuta tana shiga ruwa. A kashe nan take, kada kowa ya yi wanka. Gidaje da yawa, musamman na haya, an sa musu shofo ba wayar ƙasa, ba kuma dijontar mai yanke wuta idan ta zurare da miliampe 30, alhali waɗannan biyun ne ke tsakanin mai wanka da mutuwa. Haka nan ƙarfen nan mai araha da ake tsomawa cikin bokiti: kada a sa hannu a ruwan sai an zare shi daga bango, kada kuma a bar yaro kusa. Shofo mai aiki da gaz kuwa ba a sa shi a ɗakin wanka marar taga, domin iskar guba da yake fitarwa idan bai ƙone da kyau ba ba ta da wari ko launi.

Ga mai sabon gini, akwai wata hanya da ƙasar nan ta riga ta sani. Ofishin makamashin rana na ONERSOL, wanda aka kafa a 1965, ya ƙera shofo mai aiki da hasken rana a Yamai ƙarƙashin jagorancin marigayi Farfesa Abdou Moumouni Dioffo, haifaffen Tasawa, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa. Irin wannan shofo ba ya jiran NIGELEC, ko da yake shi ma yana son wanki da lura. Wanda kuwa na lantarki ke rataye a gidansa, kafin sanyin bana ya yi nisa, ya shiga ɗakin wanka ya duba abu biyu: bakin supap a buɗe yake, kuma akwai wayar ƙasa?