Daga Uhudu zuwa cibiyar bayanai: Yadda kwamfuta ta koma kiwon 'yan uwanta

Duk wanda ya san Madina ya san cewa da wuya baƙo ya bar garin bai leƙa Uhudu ba, dutsen nan da ke kimanin kilomita biyar arewa da Masallacin Annabi (SAW), inda kabarin Sayyidina Hamza da na sauran shahidan yaƙin shekara ta 3 bayan hijira suke. Tun da sassafe motocin ziyara ke jeruwa a filin, masu dabino da masu turare na kiran ciniki. Daga cikin masu cin abinci a irin wannan hidima ta baƙi har da Hausawan da kakanninsu suka shigo ƙasar ta Sudan tun farkon ƙarnin da ya wuce. Abin da ya sauya a 'yan shekarun nan shi ne, kusan duk baƙon da ya iso wannan fili, sai da wata kwamfuta da bai taɓa gani ba ta amince masa tukuna.

Bizarsa ta intanet aka nema. Izinin shiga Rauda ta manhajar Nusuk yake fitowa, wadda Ma'aikatar Hajji da Umara ta ƙaddamar a 2022, ta kuma maye gurbin Eatmarna ta shekarar 2020. Tikitin jirgin ƙasan Haramaini, wanda ya fara jigila tsakanin Makka da Madina a 2018, galibi ta waya ake sayensa. Shi kuwa mazaunin gari, harkokin iƙama da fasfo da lasisin tuƙi duk sun koma dandalin Absher na Ma'aikatar Cikin Gida. Ke nan idan ɗaya daga cikin waɗannan ya tsaya na yini guda, ba injiniya kaɗai zai ji a jikinsa ba, har da direba da tafinta da mai tallan dabino.

Dokin sarki da garken makiyayi

Duk waɗannan ayyuka suna gudana ne a cibiyoyin bayanai, wato manyan gine-gine masu sanyi da aka jera ɗaruruwa ko dubban kwamfutoci a cikinsu. Kowace irin wannan kwamfuta ana kiranta uwar garke, domin ita ke amsa buƙatun wayoyi da ƙananan kwamfutocin jama'a.

A tsarin da, kowace uwar garke tamkar dokin sarki take. Tana da sunanta, tana da aikinta, tana da injiniyan da ya san halinta. Wannan ta biza ce, waccan ta biyan kuɗi ce. In ta yi ciwo da tsakar dare sai a tashi mutum daga barci ya zo ya yi jinyarta, kafin ta warke kuwa aikin da take yi ya tsaya cik. Ko da aka fara rubuta umarnin da zai riƙa yin wasu gyare-gyare da kansa, umarnin kan ambaci na'ura ne da sunanta: je ka kwamfuta kaza, ka kashe kaza, ka kunna kaza.

Sabon tsari ya juya tunanin gaba ɗaya. Masana harkar da kansu da garken shanu suke kwatanta shi. Mai sayen nono ba ruwansa da wace saniya aka tatsa, shi dai ƙwarya ta cika. Haka mai neman izinin Rauda bai damu da wace na'ura ta amsa masa ba, shi dai izini ya fito. Saboda haka abin da ake sa wa ido yanzu shi ne hidimar, su kuma na'urorin sun zama garke, in ɗaya ta faɗi wata ta hau gurbinta. Sarkin yawa, in ji masu iya magana, ya fi sarkin ƙarfi.

Yadda abin yake aiki

Bari mu ɗauki misalin kowace irin hidimar bayar da izini ta waya. A idon mai amfani abu ɗaya ce, amma a ciki ta kasu kashi-kashi: akwai ɓangaren da ke tantance ko wane ne kai, akwai mai duba ko da sauran gurbi a lokacin da ka zaɓa, akwai mai fitar da shaidar izinin, akwai kuma mai aiko maka da saƙo. Maimakon injiniya ya ce a ɗora ɓangare kaza a kan na'ura kaza, sai ya rubuta sharaɗi kawai. Alal misali ya ce: a kowane lokaci ina son kofe ashirin na mai duba gurbi suna aiki, in jama'a sun yi yawa a ƙara har ɗari biyu, kada kuma a tara su duka a ɗaki ɗaya.

Daga nan wata manhaja mai aikin makiyayi ce ke karɓar ragama. Dare da rana tana gwada abin da aka ce ana so da abin da ke ƙasa. In ta ga kofe goma sha tara ne ke numfashi, sai ta tayar da na ashirin a kan duk na'urar da ke da sarari, ba tare da ta jira kowa ba. Kamfanin Google ya daɗe yana gudanar da ayyukansa da irin wannan makiyayi mai suna Borg, kuma darasin da ya koya daga gare shi ne ya haifar da Kubernetes, wadda ya saki kyauta ga duniya a 2014. A yau ita ce mafi shahara a wannan fage.

Ma'aunin nasara ma ya sauya. A da in fitilun na'urori duka kore ne, sai a ce lafiya lau, alhali mai yiwuwa ne babu izini ko ɗaya da ke fita. Yanzu alƙawari ake ɗauka a kan hidimar kanta. In aka ce za ta yi aiki kashi 99.9 cikin 100 na lokaci, to hakan na nufin duk tsayawar da aka yarda ta yi a wata guda ba za ta wuce kimanin minti 43 ba. Kamfanin Netflix har wata manhaja ya ƙirƙira mai suna Chaos Monkey, wadda aikinta shi ne ta riƙa kashe na'urorinsa da gangan, don a tabbatar mutuwar ɗaya ba ta hana masu kallo kallo.

Dalilin da ya sa ya dace da ƙasa mai tsarki

Ƙasashe kaɗan ne yawan masu buƙatar hidimarsu ke hawa da sauka kamar Saudiyya. A 2019 mahajjata sun kusa miliyan biyu da rabi. A 2021, saboda annobar korona, ba su wuce dubu 60 ba. A 2023 kuma sun sake haura miliyan 1.8. Ko a cikin shekara guda, cunkoson goman ƙarshe na Ramadan daban yake da na sauran watanni. Wanda ya sayi na'urori daidai da ranar cunkoso zai bar su suna cin wuta a banza mafi yawan shekara, wanda kuma ya saya daidai da ranar sauƙi zai kunyata ranar da aka fi buƙatarsa. Tsarin garke ne ke ba da damar a ƙara ƙarfi yau, a rage gobe.

Gwamnatin ƙasar ta nuna inda ta dosa. A 2019 ta kafa hukumar bayanai ta SDAIA, wadda ke gudanar da wani rumbun haɗin gwiwa mai suna Deem domin ma'aikatun gwamnati, maimakon kowace ta riƙe ɗakin kwamfutocinta. Manyan kamfanonin duniya ma sun shigo: Oracle ya buɗe cibiyarsa a Jidda a 2020, Google ya buɗe tasa a Dammam a 2023, Amazon kuma a 2024 ya yi shelar zuba sama da dala biliyan 5 don gina nasa cibiyoyin a ƙasar.

Inda gizo ke saƙar

Sai dai mai karatu kada ya ɗauka an rabu da matsala. Umarnin da ke iya gyara na'ura dubu a minti ɗaya, shi ne kuma ke iya ɓata dubun a minti ɗaya. Ranar 4 ga Oktoba, 2021, wani umarnin gyara ya yanke hanyoyin da suka haɗa cibiyoyin Facebook, manhajar da aka sa ta tace irin wannan kuskure kuma ba ta kama shi ba, sai Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke na kusan awa shida. Ranar 20 ga Oktoba, 2025 ma, tangarɗa a wata manhajar Amazon mai sarrafa adireshin hidimomi da kanta ta durƙusar da ɗimbin kamfanonin da ke jingine da cibiyarsa ta Bajiniya a Amurka. A lokutan biyu ba na'urorin ba ne suka ƙone. Lafiyarsu ƙalau, hidimar ce ta mutu.

Shi ya sa ƙwararru ke dagewa a kan abu uku: a san wace hidima ce ke jingine da wace, a riƙa shigo da kowane sauyi kaɗan-kaɗan ana duba sakamako, a kuma bar wa ɗan Adam hanyar taka birki.

Akwai darasi a nan ga gida Nijeriya, inda kamfanin gwamnati na Galaxy Backbone, wanda aka kafa a 2006, ke riƙe da bayanan ma'aikatu da dama. In za a yi kwangilar irin wannan aiki, tambayar da ta fi muhimmanci ita ce minti nawa hidimar za ta tsaya a wata, kuma wa zai amsa in ta wuce haka, kafin a zo ga lissafin kwamfutocin da aka sayo.

Ga matasanmu kuwa, na Madina da Jidda da na Kano da Maraɗi, ana ƙara neman wanda ya iya rubuta wa makiyayin sharaɗi. Babbar manhajar Linux da Kubernetes duka kyauta ake samunsu, kuma ana iya fara gwada su a kan kwamfutar tafi-da-gidanka guda ɗaya. Shi kuma maniyyaci, da mai yi masa hidima, rigakafi ya fi magani: a nemi izini da wuri, a kuma adana hoton biza da na tikiti a waya da takarda, domin ranar da hidima ta yi tuntuɓe, su ne za su yi magana.