Ko Kun Sani? Juyin Mulkin da Ya Kawo Ƙarshen Tazarce a Nijar

Ko kun san cewa kafin sojoji su kifar da gwamnatin Nijar ranar 18 ga Fabrairu, 2010, shugaban farar hula ne ya fara taka tsarin mulkin da ya rantse zai kare?

A Disamba 2009 ne wa'adin Shugaba Mamadou Tandja na biyu kuma na ƙarshe zai cika. Domin ya yi tazarce, ya rushe majalisar dokoki, da Kotun Tsarin Mulki ta ce shirinsa na tazarce haramtacce ne sai ya rushe ta ita ma. Ƙuri'ar raba-gardama ta 4 ga Agusta, 2009, ta ƙara masa shekara uku, ECOWAS kuma ta dakatar da Nijar.

A ranar juyin mulkin, da rana tsaka, ana cikin taron ministoci, sojoji ƙarƙashin Salou Djibo suka kutsa fadar shugaban ƙasa suka yi awon gaba da Tandja. Tarayyar Afirka ta yi tir da su, amma a Yamai dubban mutane suka fito tituna suna jinjina musu.

Sojojin sun haramta wa kansu tsayawa takara, suka shirya zaɓe, a Afrilu 2011 suka miƙa mulki ga wanda ya ci zaɓen, Mahamadou Issoufou.