Ƙugiyar Hayab a kan tsohuwar motar soja: Inda riba take da inda hatsari ke ɓuya

Idan za a ɗauki janareta mai nauyi ko tiransifoma ko gungumen itace zuwa ƙauyen da babu kwalta, mota biyu ake buƙata: mai ɗagawa da mai ɗauka. Shi ya sa masu harkar sufuri ke sayen tsofaffin motocin soja da aka yi gwanjonsu a Turai, irin su Bedford ta Ingila da MAN da Unimog na Jamus, su ɗora musu ƙugiyar ɗaga kaya, mota ɗaya ta yi aikin biyu. Sai dai haɗin da aka yi da gaggawa kan jawo asarar dukiya, wani lokaci har da rai.

Asalin sunan

Hayab da direbobi ke faɗa sunan kamfani ne, HIAB, wanda Eric Sundin ya kafa a garin Hudiksvall na ƙasar Suwidin a 1944. A 1947 kamfanin ya fitar da ƙugiyar da ke samun ƙarfi daga injin motar da ke ɗauke da ita. Yau ko Palfinger ce ta Ostiriya ko Fassi ta Italiya, Hayab ake ce mata.

Injin mota ne ke juya famfo ta wata 'yar giya da ake ɗaurawa a jikin giyabos, wadda bakanikai ke kira PTO. Famfon ya tura mai cikin tiyo da matsi mai tsanani, man ya tura silinda, hannun ƙugiya ya tashi.

Matsalar shasi

An ƙera motar soja don ramuka da duwatsu, saboda haka shasinta na murɗawa kaɗan domin tayoyi su ci gaba da taka ƙasa. Ita kuwa ƙugiya tana son mazauni mai tauri. Idan aka ɗaure ta kai tsaye, duk nauyin zai taru wuri ɗaya, kuma daga nan tsagewa ke farawa.

Maganin shi ne a shimfiɗa ƙaramin shasi na biyu a kan na asali, ya rarraba nauyin, a ɗaure shi da noti masu ƙarfi. Kamfanonin ƙera motoci na hana yin walda ko huda rami a leɓen sama da na ƙasa na shasi, domin nan ne ƙarfen ke ɗaukar mafi yawan wahala.

Wurin zama ma abin lissafi ne. A bayan kan mota, ƙugiya na danne tayoyin gaba. A can ƙarshen bodi kuma tana rage musu nauyi, sitiyari ya yi sakwa-sakwa. Sannan matsakaiciyar ƙugiya kan haura tan 1, alhali Bedford MK tan 4 aka ƙera ta ta ɗauka. Abin da ya rage na kaya bai kai tan 3 ba.

Lissafin da ke kifar da mota

Ana auna ƙarfin ƙugiya da nauyi haɗe da nisa. Wadda ke ɗaga tan 5 a nisan mita 2, ba za ta wuce tan 2 ba idan hannunta ya miƙe mita 5. Motar soja kuma doguwa ce daga ƙasa, ba ta da wuyar karkata. Dole a fitar da ƙafafun tokare gaba ɗaya, a sa musu katako mai kauri idan ƙasa na da laushi, musamman da damina. Kafin a ɗaga hannu, a dubi sama ko akwai wayar lantarki.

Alamomin da mai gyara ke bi

Yawancin cutar ƙugiya daga mai take. Idan ya koma fari kamar madara, ruwa ya shiga. Idan famfo na kuka kuma mai na kumfa, iska yake zuƙa ko man ya yi ƙasa. Ƙurar hunturu da ta shiga tanki tana cinye famfo da bawul a hankali, shi ya sa canza matata a kan lokaci ya fi sayen sabon famfo araha.

Idan hannu na sauka da kansa alhali kaya na rataye, robar cikin silinda ce ta mutu ko bawul ɗin riƙe nauyi. Wasu kan cire bawul ɗin, ko su ƙara matsin mai fiye da ƙa'ida don ƙugiya ta ɗauki abin da ya fi ƙarfinta. Wannan bawul shi ne ke hana kaya faɗowa ranar da tiyo ya fashe.

Akwai kuma hatsarin da ba a cika sani ba: laluben yoyo da hannu. Man da ke fita ta ƙaramin rami yana iya huda fata kamar allura. Ciwon kan yi kamar ba komai, amma in ba a garzaya asibiti an yi tiyata ba, ana iya rasa yatsa ko hannu. Da kwali ake neman yoyo. Kafin a kwance tiyo kuma, a sauke hannun ƙugiya ƙasa, a kashe inji, a saki matsin.

Ga mai niyyar saye, fenti ba shaida ba ne. A leƙa ƙarƙashin mazaunin ƙugiya a nemi tsagewa ko sabuwar walda, sannan a sa ta ɗaga kaya ta riƙe na wasu mintoci, a ga ko hannun zai sauka.