SAYEN AGOGO A GWANJON INTANET, DA YADDA ZA A YI DA MACUTA

Malami ba ya rabuwa da agogo. Darasi minti 35 ne ko 40, wanda kuwa bai san lokacin da ya rage masa ba, ƙararrawa za ta same shi yana tsakiyar bayani. Saboda haka da yawa daga cikin 'yan'uwanmu ɗalibai, in ka tambaye su abin da za su fara saya da albashinsu na fari, sai su ce agogon kirki. A da mutum ya kan tafi kanti, ya ɗauki agogo a hannunsa, ya juya shi, ya kara a kunne. Yanzu kuwa waɗansu sun koma gwanjon intanet, gama a can a kan sami tsofaffin agogai masu kyau da araha. Amma wannan shi ne cinikin biri a sama. Hoto kaɗai ka gani, mai kayan kuwa yana Amurka ko Ingila ko Indiya, ba ka san fuskarsa ba.

Mafi shahara cikin gidajen nan shi ne eBay, wanda Pierre Omidyar ya kafa a Kalifoniya cikin 1995. Abin da ya kamata mu fara ganewa shi ne, kayan ba na kamfanin ba ne. Matsayinsa kamar na dillali ne, yana haɗa mai saye da mai sayarwa, ya ci la'adarsa. Sai dai dillalin kasuwarmu ya san gidan mai kaya, wannan kuwa bai taɓa ganin kayan da ido ba. Kamfanin Tiffany mai kayan ado ya kai eBay ƙara saboda yawan jabun da a ke sayarwa da sunansa, amma cikin 2010 kotun ɗaukaka ƙara a Amurka ta ce eBay ba shi da alhaki don kawai ya san akwai jabu a cikin kasuwarsa, muddin yana cire wanda aka nuna masa. Watau tsaron farko yana wuyanka.

Ga yadda tayi ya ke tafiya. Kai za ka rubuta iyakar abin da za ka iya biya, kwamfuta ta ɓoye shi, ta riƙa tayi a madadinka kaɗan kaɗan. A ce ka rubuta dala 100. Wani ya zo ya taya 60, sai kwamfuta ta ɗaga naka zuwa 61. In ba wanda ya ƙara, ka ci agogo a kan dala 61, sauran 39 suna aljihunka. To, a kan 39 ɗin nan macuci ya ke sa ido. Ya kan buɗe wani suna dabam, ko ya sa ƙaninsa, su riƙa taya kayansa, 70, 80, 90, har su kai ka kusa da iyakarka. In sun zarce ka bisa kuskure, sai su janye tayinsu, su bar ka a kan ƙololuwa. Mun san irin wannan a kasuwa, shi ne aikin ɗan kore, malaman fiƙihu kuma suna kiransa najashi, sun hana shi tun da daɗewa. Cikin 2000 wani lauya a Kalifoniya da abokansa sun yi ta taya wani zanen jabu da sunaye masu yawa har ya haura dala 135,000 a eBay. Asiri ya tonu, aka soke cinikin, aka gurfanar da su.

Maganin ɗan kore ba shi da wuya. Ka duba jerin masu tayi. In ka ga suna ɗaya sabo yana ƙari kaɗan kaɗan sau da yawa, kuma bai taɓa cin kome ba, sai ka yi hattara. Sa'an nan kada ka sa tayinka tun da sauran kwanaki. A eBay gwanjo yana rufewa ne a kan lokacin da aka yanka, don haka ka ƙayyade kuɗinka a zuci, ka haɗa da kuɗin aike da na kwastan, ka sa tayi sau ɗaya a cikin minti na ƙarshe. In an fi ka, shi ke nan, agogo bai ƙare a duniya ba. Bayan ka faɗi, mai yiwuwa wasiƙa ta zo maka cewa wanda ya ci ya fasa, ka aiko da kuɗi ta wata hanya a ba ka. Irin wannan tayi na biyu akwai na gaskiya, amma a cikin shafinka na gidan gwanjon za ka gan shi. Wanda ya zo ta bayan gida, na ɓarawo ne.

Yanzu sai mu zo ga agogon kansa. Jabu tsantsa kowa ya ji labarinsa. A da a kan ce ka dubi hannun sakan: in yana tsalle ɗaya ɗaya na batir ne, in yana tafiya sumul na wani ne. Dalili kuwa, agogon batir irin wanda Seiko ya fara sayarwa cikin 1969 ya kan motsa hannun sau ɗaya a sakan, mai wani kuwa yana bugawa sau 5 ko 6 ko 8. Wannan gwaji yana kama jabu mai arha har yanzu, amma masu jabu sun daɗe da sa injin wani a cikin nasu, har suna kwaikwayon siffar injin na ainihi. Haka kuma kwali da takardun garanti ba shaida ba ne, gama buga takarda ya fi ƙera agogo sauƙi. Rolex sabo fil a kan dala 300 ba ya bukatar bincike. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Wanda ya fi cin ɗalibi irinmu shi ne agogon haɗe-haɗe, domin shi ne ya ke cikin kuɗin da mu ke iya biya. A kan ɗauki injin wannan, gidan wancan, a sa fuska sabuwa da aka yi wa fenti jiya, a rubuta suna mai daraja, a ce tsohon agogo ne na 1965 wanda ba a taɓa ba. Yawancin irin waɗannan da a ke gani da sunan Seiko, Citizen, Oris ko HMT, masu fuska ja ko kore ko shuɗi mai walƙiya, daga Indiya su ke fitowa. A ganina ba laifi ba ne mutum ya gyara tsohon agogo ya sayar, in ya faɗi gaskiya. Laifin yana wajen ɓoyewa. Kada kuwa wani ya ɗauka sai wawa a ke yi wa wannan. Cikin Nuwamba 2021 gidan gwanjo na Phillips ya sayar da wani Omega Speedmaster a Jeniba a kan fiye da faran miliyan 3 na Suwizalan, wanda ya saya kuwa kamfanin Omega ne da kansa, don ajiyewa a gidan tarihinsa. Cikin 2023 kamfanin ya fito ya ce agogon haɗe-haɗe ne. To, in an yi wa maƙeri haka da ƙirarsa, ina ga ni da kai?

Duk da haka akwai alamomin da ɗalibi zai iya dubawa. Agogon da ya shekara 60 ya kamata tsufansa ya tafi bai ɗaya. In gida ya ƙoƙe, maɗaurin ya ci, amma fuska tana sheƙi kamar kwanon amarya, an sāke ta. Ga kuma maganin nan da a ke shafa wa lambobi don su yi haske da dare. Daga wajen 1960 zuwa ƙarshen shekarun 1990 agogan Suwizalan da yawa da sinadarin tiritiyam a ke yi musu, a kan rubuta harafin T a gindin fuska. Ƙarfin tiritiyam yana raguwa da rabi a kowace shekara 12 da 'yan watanni. Ku yi lissafin da kanku: bayan shekara 50 abin da ya rage bai wuce kashi ɗaya cikin 16 ba. Saboda haka tsohon agogo mai T wanda ya ke haske tar har tsakar dare, an yi masa sabon shafi. Seiko kuma yana da lamba a bayansa. Adadi na fari ƙarshen shekarar ƙira ne, na biyu wata, Oktoba da Nuwamba da Disamba kuwa da O, N, D a ke rubuta su. Seiko 5 ya fara fitowa cikin 1963, wanda ya ce maka nasa na 1955 ne, ka san inda ka ajiye maganarsa.

Bayan agogo sai ka karanta mai shi. Kada ka tsaya ga yawan yabon da aka yi masa, ka duba a kan me aka yabe shi. Akwai mai tara yabo ɗari da sayar da maɓallai da katin gaisuwa, ran nan sai ga shi da agogon zinariya. Akwai kuma sunan mutumin kirki da ɓarawo ya sace, yana ciniki da shi. Kalmominsu ma suna da ma'ana. “Ban gwada ba” yawanci nufinsa na gwada, ba ya tafiya. “Na gada ne, ban san kome game da agogo ba” hanyar kuɓuta ce da a ke shiryawa tun kafin rigima. Dabarar da ta fi duka ita ce ka roƙe shi ya juya hannuwan agogon zuwa lokacin da kai ka zaɓa, a ce ƙarfe 4 da minti 20, ya ɗauki hoto ya aiko, tare da hoton inji da na lamba. Wanda ya sato hoton wani ba zai iya ba, sai ya fara kawo dalilai. Mai gaskiya ba ya jin haushin tambaya.

Wajen biya, magana ɗaya ce: kada kuɗinka ya fita daga hanyar gidan gwanjon. Zai ce maka ku gama a waje ya rage maka la'adar kamfani, ka aiko ta Western Union, ko ta katin kyauta, ko ta hanyar aika wa dangi kuɗi. Duk waɗannan in kuɗi ya tafi ya tafi, kamfanin kuwa zai ce bai san da cinikinku ba.

To, a ce ka yi duk wannan, agogo ya iso, ka ga an cuce ka. Ina abin yi? Da fari dai, tun ranar da ƙunshin ya zo ka sa wani ya ɗauki bidiyo kana buɗewa, takardar adireshi tana fitowa sosai, domin akwai masu aiko da kwali wofi. Ka kai wa mai gyaran agogo ya duba, amma kada ka bar shi ya sāke kome, gama za a ce kai ka ɓata. Sa'an nan ka shigar da ƙara a shafin cinikin, ka ce kaya bai yi daidai da bayani ba. Ƙa'idar eBay ta ba ka kwana 30 daga isowar kaya, ta ba mai sayarwa kwana 3 na aiki ya amsa, in bai daidaita ba ka kira kamfanin ya shiga tsakani. Ko da ya rubuta cewa ba ya karɓar mayarwa, wannan bai kare shi ba in bayaninsa ƙarya ne.

A nan macuci ya ke fito da makaminsa na ƙarshe, watau daɗin baki. Zai ce ka yi haƙuri, matarsa ba ta da lafiya, ka rufe ƙarar zai aiko da kuɗin ranar Litinin. Kada ka rufe sai kuɗi ya shigo, domin ƙarar da ka rufe da hannunka da wuya a sāke buɗe ta, shi kuwa kwanakin nan 30 ya ke ƙirgawa. Wani ya kan ce zai mayar maka da sulusin kuɗi ka riƙe agogon. In lahanin ƙarami ne, kamar gilashi mai tsaga, wannan sulhu ne mai kyau. In jabu ne, sulusi ba ya mai da shi na ainihi. Ka rubuta maganarka gajere, ba zagi, da kwanan wata da hotuna, gama ma'aikacin da zai karanta bai san ku ba, shaida kaɗai zai bi. In za ka mayar da kaya, ka aika ta hanyar da a ke bin sawu da lamba, a kuma sa hannu wajen karɓa. In duk wannan ya gagara, kuma da katin banki ka biya, ka tafi bankinka da takardunka ka nemi a janyo kuɗin, kada ka yi jinkiri, su ma suna da wa'adi.

Akwai abu guda da ya shafe mu nan Nijeriya musamman. Masu sayarwa da yawa ba su aiko da kaya ƙasarmu, saboda haka mutane su kan ba da adireshin wani kamfanin dako ko na ɗan'uwa a Amurka ko Ingila, shi ya turo. Ka sani a wurin gidan gwanjo kaya ya iso tun ranar da ya shiga wancan adireshi, kuma ƙa'idar eBay ta cire kayan da mai saye ya bi da su ta hannun wani ɗan dako dabam. Kafin agogon ya kai Jos ko Makurɗi, mai yiwuwa ba ka da sauran ƙara. In ɗan'uwa ne zai karɓa, ka roƙe shi ya buɗe ya duba a ranar, ya aiko maka da hotuna.

Ga masu sayen agogo mai tsada, cikin 2020 eBay ya fara wani shiri a Amurka na bi da agogon da ya kai dala 2,000 ta hannun masu tantancewa kafin ya isa ga mai saye, daga baya aka kai shi waɗansu ƙasashe. Akwai kuma The Watch Register a Landan, inda a ke biyan kuɗi a duba lamba ko agogon na sata ne. Agogon ɗalibi bai kai can ba, nasa mai tantancewa shi ne tsohon nan mai gyara a bakin kasuwa da tabaronsa na ido ɗaya. In rigima ta ƙare, ka rubuta abin da ya faru a shafin mai sayarwan: abin da ya ce, abin da ya iso, da ranar da aka mayar maka da kuɗinka ko aka hana.