Yadda akuya, doki da wuri suka zama haruffa a rubutun Sinawa

Kusan kowane gida a Maraɗi akwai kayan China: babur, wayar hannu, fitila mai aiki da hasken rana, ko kwalin ganyen shayi. A jikin yawancinsu akwai wasu zane-zane da mai saye ba ya ko kallo. Amma da dama daga cikin waɗannan haruffa sun fara ne a matsayin hoton dabba, irin dabbobin da ake kaiwa kasuwannin Tsibiri da Jiratawa.

Mafi tsufan rubutun Sinawa da aka gano ya haura shekara 3,000, tun zamanin daular Shang. Bokayen sarki kan sassaƙa tambaya a kan ƙashin kafaɗar sa ko ƙoƙon kunkuru, su ɗana masa wuta, sannan su fassara tsagewar da ya yi. A 1899 ne wani masani mai suna Wang Yirong ya gane cewa zanen da ke jikin ƙasusuwan da ake niƙawa a yi magani rubutu ne. Daga baya aka tono dubbansu a kusa da garin Anyang da ke lardin Henan.

A kan waɗannan ƙasusuwa, harafin saniya kai ne mai ƙaho biyu da suka miƙe sama. Na tunkiya kuwa ƙahonninsa sun lanƙwaso ƙasa. Har yau ana iya hango alamar hakan a 牛 (niu) da 羊 (yang).

Akuya da doki

Harafin 羊 ya haɗa tunkiya da akuya. Idan ana son bambancewa sai a ƙara masa wani: akuya ita ce "yang ta dutse", tunkiya kuma "yang mai ulu". Ke nan jar akuyar Maraɗi, wadda fatarta ta yi suna har Turai, tana ƙarƙashin wannan harafi.

Darajar dabbar ta sa ta shiga kalmomin yabo. Harafin kyau, 美, an gina shi da 羊 a sama da harafin "babba" a ƙasa. Tsohon ƙamusun Shuowen Jiezi, wanda Xu Shen ya haɗa wajen shekara ta 100 miladiyya da haruffa 9,353, ya fassara shi da cewa babbar tunkiya ce mai daɗin nama. Wasu masanan zamani na ganin hoton mutum ne da ya ɗaura adon ƙaho ko gashin tsuntsu a ka. Haruffan alheri (善) da sa'a (祥) su ma suna ɗauke da ita.

Doki, wanda ake yi wa kwalliya ranar hawan salla a fadar Sarkin Katsinan Maraɗi da ta Sarkin Gobir, ya fi shan sauyi. Da farko ana zana shi da ido, geza, ƙafafu da wutsiya. Bayan da sarki Qin Shi Huang ya haɗe ƙasar a shekara ta 221 kafin miladiyya aka daidaita rubutu, kuma sannu a hankali ma'aikatan fada masu sauri da alƙalamin gashi suka miƙar da layukan. Ƙafafu suka koma ɗigo huɗu: 馬. Gyaran rubutu da gwamnatin Beijing ta fara a 1956 ya rage shi daga zane 10 zuwa 3: 马. Taiwan da Hong Kong na amfani da tsohon har yanzu.

Sai dai ba duk inda aka ga doki ake nufin doki ba. A 妈, wato uwa, ɓangaren hagu na nufin mace, na dama kuma doki ne da aka aro don sautinsa kawai, "ma". Mafi yawan haruffan Sinanci haka aka gina su, rabi ma'ana, rabi sauti.

Wuri a nan, wuri a can

Bahaushe ya san cewa kalmar "kuɗi" jam'in "wuri" ce, domin da shi aka yi ciniki kafin zuwan kuɗin Turawa. Sinawan da ma da wuri suka yi hada-hada, kuma harafinsa, 贝, na nan cikin kalmomin kasuwanci: 货 (kaya), 贵 (tsada), 财 (dukiya). Ɗan kasuwar da ya karɓi takardar kaya daga Guangzhou ko Yiwu zai yi ta cin karo da shi.

Dabbar da ba su sani ba kuwa sai suka kwatanta ta da wadda suka sani. Lokacin da aka kai raƙumin dawa fadar daular Ming a 1414, an ɗauke shi a matsayin qilin, dabbar almara mai nuna zaman lafiya. Yau sunansa 长颈鹿, "barewa mai dogon wuya". Hausawa da raƙumi suka kwatanta wannan dabba, wadda aka mayar da wasu daga cikinta gandun dajin Gadabeji na jihar Maraɗi a 2018.

Abin da matafiyi zai riƙe

Ga ɗalibi ko ɗan kasuwa Musulmi da ya sauka China, sanin haruffan dabbobi ya wuce sha'awa. A takardar abinci, 羊肉 naman rago ne, 牛肉 naman sa, 鸡 kaza, 鱼 kifi, 猪 kuma alade. Idan aka rubuta 肉, "nama", ba tare da sunan dabba ba, galibi naman alade ake nufi. Alamar gidan abincin halal ita ce 清真.

Shi kansa bokon da ake koya a makarantun Maraɗi da ajamin allo suna da dabba a tushensu. Harafin A da alif duka sun fito ne daga tsohon harafin Finikiyawa, alef, wanda ke nufin sa. Idan aka kifar da A, ƙahonnin biyu za su bayyana.