Neman Asalin Ƙurar Hunturu a Ɗakin Karatu

Tun ina yaro a Kano nake mamakin inda ƙurar hunturu take fitowa, wadda ke dusashe rana, ta tsattsage leɓe. Sai da na girma na kai tambayar ɗakin karatu.

Ma'aikaciyar wurin ta zaunar da ni gaban kwamfuta, ta buɗe min Scopus, rumbun da ke tattara sunaye da taƙaitaccen bayanin maƙalolin kimiyya. Na rubuta "Harmattan" (hunturu a Turance) kaɗai, sakamako ya yi ambaliya, har da na kiwon kaji da ciwon sanƙarau. Ta ce, "Malam, haɗa ta da kalmar ƙura ta Turanci, ka sa AND tsakaninsu." Nan take tulin ya ragu.

A nan na gamu da Bodele, wani kwari a arewacin Cadi, busasshen gindin tsohon Tafkin Cadi. Iska na matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da Ennedi, ta ƙara ƙarfi, ta kwashi farar ƙasar wurin. A 2005 masana sun kafa sansani can suna auna ƙurar. Wata ƙurar ma har tekun Atlantika take ƙetarewa. Na rubuta "Bodele", na bi waɗanda suka ambaci kowace maƙala, bincike ya yi ta buɗewa.

Wasu maƙalolin sai da kuɗi. Shirin Research4Life yana buɗe su ga cibiyoyin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, kyauta ko da rahusa. Ɗalibi, tambayi ma'aikacin ɗakin karatunku ko makarantarku ta yi rajista.